Sandar Sinuka Ta Aikin Hannu: Yadda Za Ka Gane Ta, Ka Saye Ta, Ka Riƙe Ta a Jos

A Jos duk teburin da aka shimfiɗa wa koren ƙyalle aka zuba masa ƙwallaye, sinuka muke ce masa. Daga rumfunan Bauchi Road har wuraren shaƙatawa na Rayfield, sunan ɗaya ne, kuma sandunan ma kusan iri ɗaya ne: na haya, jingine a bango, wata ta karkace, wata bakinta ya cinye har katako ya fito. Na daɗe ina bugawa da irin waɗannan kafin wani dattijo ya miƙo mini sandarsa ta kansa, wadda aka sassaƙa da hannu. Bugu ɗaya na yi, na ji ƙarar ta fita a dunƙule, sandar ba ta yi rawa a hannuna ba. Tun daga ranar nake bibiyar wannan sana'a, kuma abin da na ɗauka a cikinta shi ne darajar sanda tana cikin itacen da kuma haƙurin wanda ya sarrafa shi. Suna da ado daga baya suke zuwa. Ga yadda nake bi idan zan duba sanda, mataki bayan mataki.

Da farko, wane wasa kake bugawa?

Wasan da aka fi yi a rumfunanmu, mai ƙwallaye 15 da baƙa mai lamba 8, shi ne wanda Amurkawa ke kira ful. Sinuka ta asali daban take: jajayen ƙwallaye 15, masu launi 6, fara ɗaya, a kan tebur mai tsawon ƙafa 12. Hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙirƙiro ta a Jabalpur ta Indiya a 1875. Wannan bambanci ya shafi sanda kai tsaye. Ƙwallon ful na Amurka ya kai milimita 57 a faɗi, na sinuka kuwa 52 da rabi. Saboda haka sandar ful bakinta kan kai milimita 12 zuwa 13, nauyinta oza 18 zuwa 21, wato wajen rabin kilo da ɗan ɗori, tsawonta inci 58. Ta sinuka ta fi siranta, bakinta milimita 9 zuwa 10, da zoben tagulla a wuyanta. Kafin ka kashe ko sisi, je ka auna ƙwallon teburin da ka saba bugawa a kai. Idan ƙananan ƙwallaye ne, sanda mai kaurin baki za ta tare maka gani. Idan manya ne, siririyar sanda za ta wahala.

Na biyu, ka san jikinta

Sandar ful ta aikin hannu yawanci kashi biyu ce da ake ɗaurewa a tsakiya. Rabin gaba, wanda ke gudu a tsakanin yatsu, ana yin sa da farin itace mai tauri da ake kira meful, daga arewacin Amurka da Kanada, itacen da ganyensa ke jikin tutar Kanada. A ƙarshensa akwai farin zobe, a kan zoben kuma fatar baki. Wani Bafaranshe mai suna François Mingaud ne ya fara liƙa fata a bakin sanda a farkon ƙarni na 19, kuma daga nan ne aka samu damar murza ƙwallo ta dawo baya ko ta karkata. Rabin baya shi ne gidan ado: akwai damtse, inda ake haɗa itatuwa masu launi, akwai wurin riƙo, wanda ake naɗe wa da zaren lilin na Ayalan ko fata, sai gindi mai roba, wanda a cikinsa sau da yawa akwai ƙusar daidaita nauyi.

Masu yin ta sinuka a Ingila sun fi son itacen ash, mai jijiyoyi da ke fitowa kamar kan kibiya a jere, sannan su dasa baƙin eboni a gindi. Eboni nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Mafi baƙinsa daga dazukan Kamaru da Gabon ake samun sa, kuma dangin kanya ne, wadda muka sha 'ya'yanta muna yara.

A nan ne nake so a tsaya a saurara, domin nan ne bambancin sandar kamfani da ta gwani yake. Itace ko an sare shi bai daina motsi ba. Yana shan danshi ya kumbura, yana bushewa ya tsuke. Gwanin mai sanda ba ya ɗauko katako ya fere shi ya zama sanda a yini ɗaya. Yakan ɗora shi a injin murza katako ya rage masa kaɗan, ya rataye shi makonni ko watanni, ya sake ɗauko shi ya rage kaɗan, ya sake ratayewa. Duk wanda ya lanƙwashe a tsakanin nan, ya fita daga layi. Wanda ya jure har ƙarshe, bayan shekara ɗaya ko fiye, shi ne zai zama sanda. Kafintocin kasuwar Katako sun san wannan magana sarai, don sun sha ganin ƙofar da aka yi da ɗanyen katako tana ƙin rufuwa da damina, ta bar tazara da hunturu. Kuɗin da kake biya a sandar gwani, rabinsa na itacen da ya zubar ne da lokacin da ya jira.

Na uku, sunayen da ake nema, da tarkon da ke tare da su

Sunan da ya fi kowanne nauyi shi ne George Balabushka. An haife shi a Rasha a 1912, ya je Amurka yana yaro, ya zauna a Brooklyn ta birnin New York, ya rasu a 1975. Ya rasa yatsa ɗaya a aikin katako tun kafin ya fara yin sanduna. Duk abin da ya yi a rayuwarsa bai wuce sanda dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa ba, kuma yawancinsu ba su da wani ado mai yawa. 'Yan wasa sun so su ne don yadda suke bugu. Bai cika haɗa damtsen da kansa ba: da farko yakan yanko daga sandunan Titlist na kamfanin Brunswick, daga baya ya riƙa karɓa daga hannun Burton Spain da Gus Szamboti. Shi Szamboti, mutumin Pennsylvania, ya zama gwani mai cin gashin kansa, kuma bayan rasuwarsa a 1988 ɗansa Barry ya ci gaba da sana'ar. Kafin su akwai Herman Rambow na Chicago. Akwai Ernie Gutierrez mai Ginacue a California, da Tad Kohara, da Southwest ta Las Vegas wadda Jerry Franklin ya kafa, inda mutum kan yi rajista ya jira fiye da shekara goma kafin layi ya zo kansa. A ɓangaren sinuka kuwa, John Parris na Landan ne aka fi sani, shi ya daɗe yana yi wa zakaran sinuka Ronnie O'Sullivan sanda.

Fim ɗin The Color of Money na 1986, wanda Paul Newman da Tom Cruise suka fito a ciki, shi ya kai sunan Balabushka kunnen duniya. Amma sandar da aka nuna a fim ɗin ba tasa ba ce, ta kamfanin Joss ce. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda ido ke ruɗuwa. Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: Balabushka bai saba rubuta sunansa a sandunansa ba. Waɗanda ake gani da sa hannunsa a jiki, galibi kamfanin Adam ne ya yi su a Japan bayan rasuwarsa, da izinin amfani da sunan. Sanduna ne masu kyau, ba jabu ba ne, amma ba su fito daga hannunsa ba, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na asali ba. Ta asali ana maganar dubban daloli ne, wata har dubun-dubata. Idan wani ya nuna maka sanda a kasuwar Terminus mai ɗauke da wannan suna, ya ce sadaka zai bar maka, ka riga ka san amsar.

Ni ma na taɓa faɗawa. Na sayi sanda a hannun wani ta hoto kawai, saboda sunan da na gani a gindinta. Da ta iso, na shafa damtsen na ga adon duk takarda ce aka liƙa aka shafe da banish. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma shi ya sa matakin da ke tafe ya fi tsawo.

Na huɗu, duba ta da ido da hannu da kunne

Ka nemi wuri mai haske, da tebur mai lafiya, kuma kada ka yi gaggawa ko da mai sanda yana duba agogo.

Fara da miƙewa. Kwance ta, ka mirgina rabin gaba shi kaɗai a kan tebur a hankali, kana kallon hasken da ke ratsawa ta ƙarƙashinsa. Idan bakin yana ɗagawa yana sauka, ta karkace. Yi wa rabin baya haka. Sannan ka ɗaure su ka sake mirginawa, domin wani lokaci kowane rabi lafiya yake, amma mahaɗar ce ba ta zauna daidai ba. Tebur ma kan yi ƙarya, musamman namu na rumfa, don haka ka ƙara da ɗaga gindin zuwa idonka, ka leƙa tsawonta kamar mai saitin bindiga, kana juya ta. Sandar sinuka ta Ingila tana da wani ɗan shafaffen gefe a gindi wanda ke hana ta mirgina sosai, ita da ido kawai ake duba ta.

Sai damtse. Za ka ga harsunan itace masu tsini, galibi huɗu, suna nuna gaba, wani lokaci da siraran layuka masu launi a gefensu. A tsohuwar hanya, ana yanka itace biyu ne a cusa su cikin juna kamar yatsun hannu biyu, a liƙe da gam, sannan a murza. Wannan haɗin yana ba da harshe mai tsini kamar allura. Wanda injin kwamfuta ya huda rami ya dasa, tsininsa kan ɗan yi dakushi a ƙarshe, domin bakin injin zagayayye ne. Wannan ba aibu ba ne, gwanaye da yawa na yau da shi suke aiki, amma idan an ce maka sandar ta shekarun 1960 ce sai ka ga dakusassun harsuna, akwai magana. Duba ko harsunan huɗu tsayinsu ɗaya, ko layukan launi sun haɗu a tsini ba tare da cikon gam ba. A sandar sinuka lamarin a juye yake: haɗin hannu shi ke ba da harsuna masu zagayayyen kai, na inji kuma masu tsini. Mutane kan gauraya waɗannan biyu su yanke hukuncin da ba daidai ba.

Don gane adon takarda, bi jijiyar itacen da ido. Itace na gaske, jijiyar harshen daban take da ta itacen da ke kewaye da shi, kuma tana sauya haske idan ka juya sandar. Zane kuwa a kwance yake, kuma sau da yawa za ka sami layin da takardar ta haɗu.

Mahaɗa ita ce ta gaba. Ɗaura ta a hankali. Ya kamata ta shiga sumul, ta tsaya cak, ba tazara, ba girgiɗi. Shafa yatsa a wurin: idan ka ji tudu tsakanin rabi da rabi, ko dai aikin bai yi ba, ko rabin gaban ba nata ba ne. Zobban adon da ke wuyan rabin gaba ya kamata su yi daidai da na rabin baya. Ga mai tara sanduna wannan babban abu ne, domin tsohuwar sanda da rabin gabanta na asali ta fi wadda aka sauya wa daraja nesa ba kusa ba.

Yanzu kunne. Riƙe ta sako-sako a tsakiya, ka ɗan bubbugi gindin da tafin hannu. Idan ka ji wani ƙaramin kaɗawa a ciki, ƙusar nauyi ta kwance ko gam ya saki a wani wuri. Sannan ka roƙi izini ka buga ƙwallo, a hankali da kuma da ƙarfi. Sanda mai lafiya ƙararta ɗaya ce, a dunƙule. Ƙara mai kama da fasasshiyar ƙwarya tana nuna zoben baki ya tsage ko fatar ta fara ɗagowa. Fata ba abin damuwa ba ce, ana sauya ta kamar yadda ake sauya takalmi. Tsagewa a itacen kusa da mahaɗa ita ce ba ta da magani mai sauƙi.

Ɗora ta a yatsa ɗaya ka nemi inda take daidaita. A sandar ful wurin kan faɗo wajen inci 18 ko 19 daga gindi. Sanda biyu za su iya yin nauyi ɗaya a sikeli, amma ɗaya ta fi sauƙi a hannu saboda wannan. Ka auna tsawo da kaurin baki kuma. Tsohuwar sanda da aka sha goge ta da sanfefa takan rame, ta sauka ƙasa da milimita 12, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Abu na ƙarshe, ƙyalli. Tsohuwar sanda mai sheƙi kamar jiya aka yi ta, an sake mata fenti. Ga ɗan wasa ba komai. Ga mai tarawa, fentin asali da 'yan tabonsa ya fi, sai dai idan wanda ya yi ta ne ya sabunta ta da kansa.

Na biyar, tarihinta da maganar hauren giwa

Sanda mai tsada ba ta tafiya ba tare da labarinta ba. Ka tambaya cikin ladabi: "Alhaji, daga hannun wa ta zo maka? Akwai takardar wanda ya yi ta?" Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Idan mai sana'ar yana raye, aika masa hotuna ta intanet, na damtse da mahaɗa da gindi bayan an cire robar. Yawancinsu suna gane aikin hannunsu. Game da Balabushka, Pete Tascarella na New York, wanda ya sayi kayan aikinsa bayan rasuwarsa, yana cikin waɗanda ake kai wa su tantance.

Tsofaffin sandunan Amurka da yawa suna da hauren giwa a zoben baki ko mahaɗa ko cikin ado. Yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji da tsirrai, ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma Najeriya na cikinta. A watan Janairun 2024 gwamnati ta niƙe tan biyu da rabi na hauren da aka kama, a Abuja. Sandar da ke da haure za a iya ƙwace ta a filin jirgi, a can ko a nan, ka rasa kuɗi ka shiga shari'a. Ni shawarata ka bar ta gaba ɗaya. Giwayen da suka rage mana a Yankari ba su da yawa, kuma ba na son hannuna a cikin kasuwar da ta ƙarar da 'yan'uwansu. Ana gane haure da wasu siraran layuka masu gicciye da juna idan ka kalli inda aka yanka. Roba ba ta da su. Wasu itatuwan ma suna ƙarƙashin wannan doka, kamar rozwud na Brazil tun 1992, da madobiyarmu tun 2017, bayan sarar da aka yi mata ba ƙaƙƙautawa ana fita da ita.

Na shida, ciniki

Idan sabuwa za ka sa a yi maka, rubuta komai: tsawo, nauyi, kaurin baki, irin itace, irin naɗi, kuɗin kafin alƙalami da lokacin gamawa. Ka nemi rabin gaba guda biyu, domin samun wani a nan ba wasa ba ne. Idan tsohuwa ce daga waje, kada ka tura kuɗi kai tsaye ga wanda ba ka sani ba. A sa amintacce a tsakani, ko ɗan'uwa da ke can ya gani da idonsa. Mai kawo ta ya sa ta cikin akwati mai tauri a kayan da ake aunawa, don ba a yarda a shiga da ita cikin jirgi a hannu a Amurka. Kuma sandar farko kada ta zama ta ajiya. Sayi mai sauƙin ado daga hannun gwani, ka yi shekara kana bugawa da ita, hannunka ya koyi abin da yake so.

Na bakwai, zamanta a Jos

Garinmu yana gwada itace fiye da yawancin wurare. Muna kan tudu mai tsayin mita 1,200, a watan Agusta bango har gumi yake yi, daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ya busar da komai har leɓe ya tsage. Sandar da aka yi a ƙasa mai matsakaicin danshi za ta ji wannan sauyi a jikinta. Idan ta iso, bar ta cikin akwatinta a ɗaki kamar mako guda kafin ka fara wasa da ita.

Kada ka jingina ta a bango, ko na dare ɗaya. Nauyinta kaɗai ya isa ya lanƙwasa ta a hankali. Kada ka bar ta a but ɗin mota, domin zafin rana da sanyin darenmu su ne suka fi kashe sanda. Nisanta ta da taga, da murhun gawayin da muke shiga da shi ɗaki da sanyi, da ƙasan siminti mai danshi inda gara ke bi. Bayan wasa, kwance ta, goge ta da busasshen ƙyalle mai laushi, ka share allin bakin kafin ta koma akwati, a tsaye ko a kwance sosai.

Hodar da muke barbaɗa wa hannu a rumfa tana haɗuwa da gumi ta toshe jikin itacen ta mai da shi danƙo. Wanke hannu ya fi, ko safar yatsu uku. Idan rabin gaba ya yi datti, ƙyalle mai ɗan laima kaɗan, sannan busasshe nan take, ka murza har ya yi ɗumi. Sanfefa kada ta kusance shi. Idan ya bugu ya lotsa, ɗiga ɗigon ruwa ɗaya a kan lotsawar ka bar shi. Sau da yawa itacen kan taso da kansa. Sandar ash ta sinuka tana son ɗan man linsid, wani man shafa wa katako, sau ɗaya ko biyu a shekara, a shafa kaɗan, a bar shi ya kwana, a goge. Man gyaɗa da baƙin mai ba su da wuri a nan.

Bugun farko na watsa ƙwallaye, yi shi da sandar rumfa. Shi ne ke baje fatar baki ya tsaga zobe. Idan fatar ta baje ta fara leƙowa gefe kamar lema, a rage ta da reza mai kaifi. Idan ta yi santsi ba ta riƙe alli, a ɗan karce samanta. Idan ta cinye ta kusa zoben, a sauya. Wanda zai sauya maka, ka zauna a gabansa, ka roƙe shi ya naɗe zoben da salatif kafin ya sa wuƙa, kuma ya fara gwada hannunsa a sandar haya tukuna.